Hannu Biyu a Zunguru

Shekarun baya, lokacin da sojoji suka koma bariki farar hula suka karɓi mulki, ina aikin buga tafireta a wata ma'aikatar gwamnati a nan Kano. Yaran yanzu ba su san tafireta ba. To ku ɗauka komfuta ce marar yafiya, harafi ɗaya za ka ɓata ka zare takardar ka koma farko. A zamanin soja ofishinmu shiru yake, da ka ji takun takalmi sai ka gyara zama. Da siyasa ta dawo sai ƙofa ta buɗe, manyan riguna suka cika baranda, kowa da takarda a hannu, kuma ta kowa ce ta gaggawa. Wannan ya ce shi ya yi wa sabon gwamna kamfe a unguwarsu, wancan ya ce tare suka yi firamare. Ni kuwa ina tsakiya ina ta bugu tun safe har yatsuna su yi tsami.

Amma babban nauyin ba a ofis yake ba, yana gidanmu a Gwammaja. Bayan rasuwar mahaifiyata da ɗan lokaci, mahaifina ya samu shanyewar ɓarin jiki, ɓangaren dama. Harshensa ya yi nauyi, hannun dama ya kwanta. Na hagu lafiyarsa ƙalau, sai dai Baba ya ƙi ci da shi. Mutum ne da ya tsufa yana sayar da fata a kasuwar Kurmi bai taɓa miƙa wa wani ko allura da hagu ba, kuma tun muna yara in ya ga ɗayanmu ya kai loma da hagu, kallo ɗaya ya ishe mu. Limamin unguwa ya zo har ɗaki ya yi masa bayani cewa mai larura ba shi da laifi. Baba ya gyaɗa kai, liman na fita ya juya fuskarsa bango.

Ƙanena da matarsa suna cikin gidan. Shi sammako yake yi kasuwa sai magariba. Ita kuma suruka ce, da Baba ya buɗe mata baki gara ya wuni da yunwa. Ya rage ni. Abin dariyar, ni ce 'yar fari, kuma mu Fulanin gida ne, tun da na yi wayo Baba bai taɓa kirana da wani suna ba. In yana son magana da ni sai ya kalli gefe ya ce "ke." Amma daga hannuna kaɗai yake karɓar abinci, har yau ban san dalili ba.

Haka na zama ministar komai da komai. Da asuba in gama da gidana in sallami yara makaranta, in biya in ba Baba koko, in hau acaɓa zuwa ofis. Da rana in sulale in sake hawa acaɓa in dawo in ba shi abinci, in koma a guje ina addu'ar kada a neme ni. Da yamma in sake biyowa. Ciwon kai ya yi mini gida a ƙeya, wuyana ya sage, barci ya ƙaurace mini. Akwai ranar da na je ofis da takalmi wari da wari, sai da abokiyar aikina ta tambaye ni ko sabon yayi ne. Daga baya hannuna ya fara rawa. A kan tafireta ina iya ɓoyewa, amma in ina ba Baba abinci sai cokali ya riƙa ƙwanƙwasa haƙoransa.

Maigidana ya matsa na je asibiti. Likitan ya auna ni, ya sake aunawa, ya cire gilashinsa.

"Hajiya, jininki ya hau sosai," in ji shi. "Zan rubuta miki magani, amma magani kaɗai ba zai yi ba. In ba ki sassauta wa kanki ba, shimfiɗar da za a yi miki kusa da ta mahaifinki ce."

Na fito ina ta lissafi. In na kwanta, wa zai ba Baba abinci? In kuma na ce zan huta don kada in kwanta, wa zai ba shi? Duk inda na juya tambayar ɗaya ce. Na roƙi maigidana kada ya bari Baba ya ji, na ci gaba da abin da na saba. 'Yan'uwa kuwa kowa ya gan ni sai ya ce, "Kai, kin rame, ki riƙa hutawa mana." Yana rufe baki sai ya zaro takardar neman aikin ɗansa, wai in buga masa tun da yanzu gwamnati tamu ce.

Ina da gwaggo a Jakara, yayar mahaifina. Tsohuwa ce 'yar ƙarama, mai saurin tafiya da saurin baki, tana sayar da lalle da turaren wuta a cikin gida. Uwata take ce mini, don sunan mahaifiyarsu aka sa mini. Wata Juma'a da yamma ta zo duba ɗan'uwanta, ta tarar ina ba shi abinci. Ta zauna a bakin ƙofa tana jan carbi har na gama. Ita kaɗai ce a dangi ba ta ce mini in huta ba. Da na fito raka ta sai ta tsaya ta dubi ƙafata, ta taɓe baki.

"Uwata, wannan ƙafar mace ce ko ta mai haƙar rijiya? Bikin jikata ya matso, wallahi ba za ki shigo mini gida ki kunyata ni ba. Gobe Asabar, ba ofis. Da hantsi ki same ni a nan, zan yi miki ƙunshi."

Na fara jero mata wanki da cefane da gugar yara. Ta ce in kai wa mai sauraro, ta gyara gyalenta ta wuce.

Washegari na tarar har ta riga ni. Ta shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin rumfa, ta sa an fito da Baba ya jingina da bango yana shan iska. Lallen tun asuba ta kwaɓa shi da lemon tsami, ƙamshinsa ya cika tsakar gida. Ta ce in je in kama ruwa tukuna, don in ta ɗaure ni ko gobara ake ba za ta kwance ba. Na yi dariya, na ɗauka wasa ne.

Ta dambara mini lalle a ƙafafu, ta naɗe da leda, ta ɗaure da tsumma tamau. Ta kama hannun dama ta cika shi, ta zura a zunguru. Wanda bai sani ba, zunguru dogon ƙoƙo ne da mata ke zura hannu a ciki har lalle ya kama. Kowace mace ta san hannu ɗaya ake yi a bar ɗaya, don a samu na korar ƙuda da na kai ruwa baki. Sai na ga Gwaggo ta laluba jakarta ta zaro zunguru na biyu.

"Gwaggo, ai ɗaya ake yi."

"A unguwarku. Ni tsohuwa ce, ba ni da ƙafar zuwa sau biyu. Miƙo."

Ban ankara ba na gan ni a zaune, ƙafafu a miƙe, hannuwa biyu a cikin ƙoƙuna, ko gyara ɗankwali ba zan iya ba.

Jama'a, ban san ina da ciwon iko ba sai ranar. Idona ya riƙa ganin duk abin da ba a yi daidai ba. Matar ƙanena tana yanka yakuwa manya-manya. Tsintsiya a yashe a tsakar gida. Kaza ta nufi tsakin da aka shanya. Daga kan tabarmar na shiga ba da umarni, a rage wuta, a kore ta, a ɗauke wancan. Gwaggo ta juyo ta harare ni.

"Da bakin ma yana da zunguru, da na saka shi. Yarinyar nan da girkinta aka kawo ta gidan nan. Yi mana shiru."

Ta kashe rediyon da 'yan siyasa ke ta zage-zage a ciki. Ta zauna a bayana ta zame ɗankwalina, ta tsefe kitson da ni kaina na manta ranar da aka yi shi. Ta lakato man kaɗe ta shiga murza mini wuya da kafaɗu da 'yan yatsunta masu ƙarfi, tana cewa ko itacen girki ya fi wannan wuyan laushi. Ta kai mini kofin zoɓo baki, mai sanyin randa, ba sukari. Tana yi tana ba ni labaran Jakara, na maƙwabcinta da ya shiga jam'iyya da safe ya fita da yamma saboda ba a ba shi kujerar gaba ba, da na wadda ta rina akuyarta da launin tutar jam'iyyarsu. Na yi dariya har cikina ya ƙulle, na ma ji Baba ya yi wani ɗan sauti a maƙogwaro.

Can sai sanyin lallen ya fara ratsa ni daga tafin ƙafa yana hawa. Na ɗaga kai na hango dutsen Dala ta saman katanga, tattabaru suna kewaya shi. A gidan aka haife ni, amma na daɗe rabon da in ɗaga kai a cikinsa. Gwaggo ta ce in ja numfashi a hankali in sauke, in bi shi da salati. Ban san inda na tsaya ba. Barci ya ɗauke ni, kaina a kan cinyarta.

Ƙamshin fate ne ya tashe ni. Rana ta take, matar ƙanena ta ajiye kwano da cokali a gaban Baba ta koma ɗaki da sauri. Na zabura.

"Gwaggo, kwance ni, lokacin abincinsa ya yi."

"Bai kama ba. In na kwance yanzu kalar ruwan ɗorawa zai yi."

"To ke ki ba shi."

Ta ɗago mini hannunta na dama. Ashe ina barci ta kwashe ragowar lallen ta ƙunshe shi da leda. Ta ce ita ba ta zubar da lalle. Sannan ta juya ga ƙanenta.

"Malam, ka gani. Damata a ƙunshe, ta uwata a ƙunshe, taka a kwance. Yau duk gidan nan hagu ce ta rage."

Baba ya juya fuskarsa bango, yadda ya yi wa liman. Gwaggo ta matsa kusa da shi, ta sauke murya, amma ina jin komai.

"Liman ya faɗa maka, ka fi ni sanin gaskiya ya faɗa. Allah bai ɗora wa bawa abin da ba zai iya ba, kai ka ɗora wa kanka, ka ɗora wa yarinyar nan. Ka ji yadda cokali ke rawa a bakinka ko ba ka ji ba? Mijinta ya zo ya same ni. Likita ya ce ciwonka ne yake tunkaro ta. In ta kwanta, ni ba zan iya da ku biyu ba."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Abin da na yi ta ɓoyewa ta zazzage shi a gaban marar lafiya. Na fara fizgar hannuna daga zunguru, ta dawo ta ɗora mini gwiwarta a cinya ta danne. Tsohuwar nan da za ka ce iska za ta ɗauke ta, na kasa motsi.

"Kalli gabanki," ta raɗa mini. "Kada ki kalle shi."

Na kafe idona a gabana. Fate yana hucewa, ƙuda yana kewaya kwanon. Na ce a raina shi ke nan, yau Baba zai wuni da yunwa saboda kwalliyata. Ban san iya lokacin da muka ɗauka a haka ba. Sai na ji ƙarar cokali a jikin kwano, na ji bisimilla da harshe mai nauyi.

Ta gefen ido nake satar kallo. Cokalin farko rabinsa a kan rigarsa ya zube. Na yunƙura, Gwaggo ta ƙara danne ni. Na biyu ya isa. Na uku ma. Yana ci a hankali, goshinsa yana zufa, Gwaggo kuwa ta ci gaba da labarin mai akuya kamar ba abin da ke faruwa. Da ya ci kusan rabi sai ya tsaya. Ya ja jikinsa ya matso da ƙyar, ya tura kwanon gabana, ya ɗebo, ya ɗago cokalin zuwa bakina. Bai kalli gefe ba, ni ya kalla.

"Ci, uwata."

Na buɗe baki na karɓa. Faten ya huce, gishirinsa ma bai ji ba. Hawaye suka ɓalle mini, ga shi ba hannun sharewa. Na yi ta kuka kamar yarinyar da aka yaye, kukan da ban samu sararin yi ba tun rasuwar mahaifiyata. Gwaggo ta kama bakin gyalenta da hagu tana goge mini fuska da hanci, tana cewa in yi mai isata, ba inda za mu sai azahar.

Kada wani ya ɗauka lalle ke warkar da hawan jini. Maganin likita na ci gaba da sha, na rage gishiri, kuma an ɗau lokaci kafin awo ya fara daidaita. Abin da ya sauya shi ne na daina gudun tsakar rana. Matar ƙanena ta riƙa ajiye kwano ta ba shi wuri, Baba ya ci abinsa. Ni kuma in zauna da abokan aiki mu ci namu muna gulmar masu manyan riguna. Na koyi ce wa mai takarda, "Alhaji, sai gobe in Allah Ya kai mu," kuma ban ga sama ta faɗo ba. Gwaggo ta hana ni hawa acaɓa zuwa gidanta, wai in tako da ƙafa daga Gwammaja, in bi lunguna ina gaisawa da mutane. In na iso ta ba ni zoɓo mu yi hira in juya. Hannuna ya bar rawa ban ma san ranar da ya bari ba.

Ƙunshi kuwa ya zama ƙa'ida, kuma Baba ne mai tsaronta. Kun san lalle yana gogewa a fata, amma a farce ba ya fita, sai dai farcen ya tsiro fari daga tushe yana tura jan gaba. In na zo gaishe shi sai ya kama hannuna ya duba. In ya ga farin ya yi yawa sai ya ƙwanƙwasa shi da yatsa, ya nuna hanyar Jakara da haɓa, wai in je in kirawo Gwaggo. Ranar ƙunshi kuma shi ke ba ni abinci, ba ya yarda kowa ya karɓe shi. Har gwaninta ya koya, ya daina zubarwa.

In na tuna Gwaggo sai in rasa irin godiyar da zan yi mata. Ba ta yi boko ba, ba ta taɓa jin sunayen da likitoci ke ba irin wannan gajiyar ba. Amma ta san mu. Ta san mace irina in ka ce ta huta, ji take kamar ka ce ta yi lalaci, kuma ko ta kwanta zuciyarta tana tsaye. Ta san kuma a garin nan ba mai aiken macen da ke cikin ƙunshi, ba mai yi mata gori. Sai ta ɗauko hutun da al'ada ta riga ta halatta ta ɗaura mini shi da tsumma. Ta kuma gane abin da ni ban gane ba, cewa yawan hidimata ya hana Baba gwada abin da zai iya. Har yau in wani ya ce mini gajiya ta yi masa katutu, ba na ce masa ya huta. Ina tambayarsa wane aiki ne yake ganin in ba shi ba ba mai yi, sai mu zauna mu nemo wanda zai karɓa, ko na wuni ɗaya ne.

Baba ya yi wasu shekaru a haka kafin Allah Ya karɓi abinsa, ba da daɗewa ba bayan wani ƙunshi da ya ciyar da ni dambu. Aka yi zaman makoki aka watse, na koma aiki. Lallen ya goge a tafin hannuna, ya rage na farce. Farin ya yi ta tsirowa, jan yana matsawa gaba, ni kuma ina kallo ban nufi Jakara ba. Har ya rage ɗan siriri a bakin farce. Sau da yawa ina ɗaukar reza in ajiye, don shi ne na ƙarshe da Baba ya duba.

Wata Asabar sai ga Gwaggo da jakarta, ta ƙara tsufa, tana dogara sanda. Ko zama ba ta yi ba ta kama hannuna ta ɗaga shi wajen haske. Ta daɗe tana kallo.

"Yanke shi, uwata," ta ce. "Mutumin da ya koyi ci da hagu don ki huta ba zai so ya ga farcen nan fari ba."

Na miƙa mata rezar ta yanke da kanta, sannan ta ce in je in kama ruwa kafin ta fara.